ƘURAR DUTSE DA HUHUN MAI HAƘA

Jawabi ga masu zuwa ci-rani wajen haƙar beril da maika

Jawabinmu na yau a kan wata sana'a ne wadda ba a yinta a ƙasar Ambursa, ko Birnin Kebbi, ko Argungu, amma waɗansu samarinmu sukan tafi nesa su yi ta in an gama aikin kaka. Wannan sana'a ita ce haƙar duwatsu masu daraja a cikin tsaunuka. Mai zuwa wannan ci-rani yakan komo da abu biyu. Ɗaya kuɗi ne a aljihu, kowa yana ganinsa. Ɗaya kuwa ƙura ce a cikin huhu, ba mai ganinta, ko shi mai ɗauke da ita. A kan wannan ƙura za mu yi magana, don ku san irin ɓarnarta, ku kuma san yadda ake tsare kai daga gare ta. In kun karanta, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba.

INDA DUWATSUN SUKE

Duk wanda ya taɓa gina rijiya a kwarin Rima ya san abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu: yashi, da yumɓu, da marmara. Ruwa ne ya shimfiɗa su tun zamanin da ba a iya ƙirgawa, don haka ba a samun duwatsun da muke magana a cikinsu. Sai mutum ya yi kudu, wajen ƙasar Zuru da Yawuri da Ngaski, sa'an nan zai tarad da tsohon dutse mai tauri. Irin wannan dutse ya miƙa har Zamfara, da Neja, da Kaduna, da Nasarawa, da Filato, da Kogi, da Kwara, da Oyo.

A cikin tsohon dutsen nan akwai waɗansu jijiyoyi farare da suka ratsa shi. Masana suna kiran irin wannan jijiya fegmatait. Ga yadda ta samu. Da can dutsen narkakke ne a can cikin ƙasa. Da ya fara sanyi ya daskare, sai ya tsattsage, ragowar narkakken kuwa, wanda ya fi ruwa-ruwa, ya kutsa cikin tsagogin ya cika su, kamar yadda magini ke cike tsagar bango da sabon kwaɓi. Da ragowar nan ta daskare, sai ƙwayoyinta suka fito manya-manya. Wata jijiya faɗinta bai wuce kamu ɗaya ba, wata kuwa ta fi faɗin ɗaki. Tun 1946 waɗansu ma'aikatan binciken ƙasa biyu, Jacobson da Webb, suka rubuta bayanin irin waɗannan jijiyoyi na tsakiyar Nijeriya. An san cewa sun jeru tun daga wajen Wamba, kusa da tsaunukan Jos, har zuwa ƙasar Ibadan.

To, mene ne a cikin jijiyar? Mafi yawanta abu uku ne. Akwai farin dutsen ƙanƙara, irin wanda kakanninmu ke ƙyasta wuta da shi. Akwai wani dutse fari ko ja-ja-ja da ake kira felsfa. Akwai kuma maika. Abubuwan da mahaƙa suka fi nema, watau beril, da kuza, da tantalait, da tumalin, da dutsen litiyam, 'yan kaɗan ne, a warwatse nan da can. Ku riƙe wannan da kyau, gama shi ne tushen jawabin: kafin mutum ya sami beril cikin tafin hannu, sai ya farfasa tulin dutsen ƙanƙara.

AMFANIN BERIL DA MAIKA

Beril dutse ne mai gefe shida, kamar an sassaƙa shi. In ya fito garau mai ruwan shuɗi-shuɗi, sunansa akwamarin. In ya fito kore shar, shi ne zumurrudu. An sami zumurrudu a wajen Gwantu ta kudancin Kaduna da wajen Nasarawa Eggon, akwamarin kuwa a wurare da dama na tsakiyar ƙasar nan. Wanda bai yi kyaun da za a sa a zobe ba, akan sayar da shi a awo, a kai masana'anta a fitar da wani ƙarfe daga cikinsa mai suna beriliyam. Wani Bafaranshe, Vauquelin, shi ya gano wannan ƙarfe a 1798. Ba shi da nauyi, ga shi da ƙarfi. Ana gauraya shi da jan ƙarfe a yi kayan lantarki, da kayan aikin da ba sa tartsatsi. Babban madubin hangen taurari na James Webb, wanda aka harba sama a Disamba 2021, da beriliyam aka yi ɓangarorinsa 18.

Maika kuwa ita ce mai ƙyallin nan da ake ɓarewa falle-falle kamar takarda, har a hangi haske ta cikinta. Wuta ba ta cinta, lantarki kuma ba ya ratsa ta, don haka ake sa ta cikin dutsen guga na lantarki da sauran kayan da ke ɗaukar zafi. Garinta yana shiga fenti da kayan kwalliyar mata. Ƙasar Indiya da tsibirin Madagaska su ne suka yi suna wajen maika mai faɗi. Akwai wata irin maika mai ruwan shunayya wadda ke ɗauke da litiyam, abin da ake yin batirin waya da na mota da shi. Neman litiyam ɗin nan ya sa an ƙara yin rububin jijiyoyin dutse a 'yan shekarun nan. A 2024 an buɗe masana'antar sarrafa shi a Jihar Nasarawa, a nan Jihar Kebbi ma an same shi a Libata ta ƙasar Ngaski.

Saboda haka ba mu ce sana'ar banza ce ba. Nema ne, kuma duniya tana bukatar abin da ake haƙowa. Abin da muke so shi ne mai nema ya komo da lafiyarsa.

YADDA ƘURA KE ƁATA HUHU

Huhun mutum kamar soso yake. Iska takan shiga ta hanci, ta bi maƙogwaro, ta rarrabu cikin ƙananan hanyoyi kamar rassan itace, har ta kai ga waɗansu 'yan jakunkuna ƙanana ƙwarai, fiye da miliyan 300. A nan ne jini ke karɓar iska mai kyau, ya fitar da marar kyau. Babban mutum yakan ja numfashi kimanin sau 20,000 a kwana ɗaya, in yana aikin ƙarfi kuwa ya fi haka.

Jiki yana da masu gadinsa. Gashin hanci da majina sukan tare ƙura mai kauri, irin wadda muke sha a hanyar kasuwa, mu yi kaki mu tofar. Amma sa'ad da aka bugi dutsen ƙanƙara da guduma, ko aka huda shi da inji, ko aka fasa shi da nakiya, ko aka niƙa shi, yakan fitar da wata ƙura mai laushi wadda ta fi ƙwayar yashi ƙanƙanta sau ɗari. Ido ba ya ganinta sai ko in hasken rana ya ratso ta. Ba ta da wari, ba ta sa atishawa ƙwarai. Takan daɗe tana yawo cikin iskar rami bayan ƙura mai kauri ta kwanta. Ita ce ke wuce masu gadi ta kai har cikin 'yan jakunkunan nan.

A can ciki akwai waɗansu ƙwayoyin jiki waɗanda aikinsu shara ne. In ƙwayar cuta ta shigo, sai su haɗiye ta su narkar. Suna ganin ƙurar ƙanƙara sai su haɗiye ta ita ma, amma dutse ba ya narkewa. Mai sharar ya mutu, ƙurar ta fito, wani ya haɗiye, shi ma ya mutu. A wurin da ake wannan fama sai tabo ya fito. Kun san tabon ƙuna a fata, yadda yake tauri ba ya miƙewa. Haka huhu ke zama, tabo bisa tabo, har soson nan mai laushi ya koma kamar busasshen ƙirgi. Likitoci suna kiran wannan ciwo silikosis, mu kuwa mu ce da shi ciwon ƙurar dutse.

Abu uku ya kamata kowa ya sani game da shi. Na fari, ba ya nuna kansa da wuri. Yawanci sai bayan shekara 10 ko fiye da fara aikin. In ƙurar ta yi yawa, cikin shekara 5 zuwa 10. In kuwa ta yi yawa ainun, kamar mai huda dutse da inji a busasshe cikin rami marar iska, yana iya kama mutum cikin 'yan watanni ko 'yan shekaru kaɗan. Na biyu, ko mutum ya bar aikin, ciwon yana iya ci gaba, gama ƙurar tana nan ciki. Na uku, har yau ba a sami maganin da ke goge tabon ba, ko a asibitocin Turai. Abin da likita ke iyawa shi ne ya rage wa mutum wahala, ya kuma yi maganin cututtukan da ke biyo baya.

ALAMUNSA, DA ABOKIN TAFIYARSA

Da fari mutum zai ga yana haki in ya hau tudu ko ya ɗauki buhun shinkafa, abin da da can ba ya damunsa. Sa'an nan tari ya zo, ba ya tafiya. Ƙirji ya riƙa yi masa nauyi, gajiya ta yi yawa, jiki ya fara ramewa. In abin ya yi nisa, ko tafiya daga ɗaki zuwa zaure sai ya tsaya ya huta.

Ciwon ƙurar dutse ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Amma yana da abokin tafiya mai yaɗuwa, watau tarin fuka, wanda ake kira tibi. Da yake ƙura ta kashe masu sharar huhu, ƙwayar tibi takan sami ƙofa a buɗe. Mai ciwon ƙurar dutse ya fi sauran mutane haɗarin kamuwa da tibi kamar ninki uku. Ga shi kuma a sansanin haƙa mutane sukan kwana cunkushe cikin 'yar bukka ɗaya. Sai saurayi ya komo gida da tari, ya kwana ɗaki ɗaya da matarsa da 'ya'yansa, su ma su ɗauka. Ta haka ƙurar da aka sha a dutsen Nasarawa take iya kwantar da jariri a Ambursa. Ban da tibi, an tabbatar ƙurar ƙanƙara tana kawo sankarar huhu, tana kuma taɓa ƙoda. Shan taba yana ƙara wa duk wannan muni.

ABIN DA YA FARU A WAƊANSU ƘASASHE

Kada ku ce zato muke yi. Waɗansu sun riga mu shan wannan wahala.

A Indiya akwai wata ƙasa mai yawan maika, wajen Koderma da Giridih. A 1953 aka duba mahaƙan maika na wannan yanki, aka tarar kimanin mutum ɗaya cikin kowane uku yana da ciwon ƙurar dutse. Maika suka je nema, amma ƙanƙarar da ke kewaye da ita ce ta cuce su. Garin maika kansa ma, in an daɗe ana shaƙarsa, yana yi wa huhu lahani.

A Amurka, a 1930, aka fara huda wani dutse a wurin da ake kira Hawk's Nest, a jihar West Virginia, don a bi da ruwa ta ciki. Dutsen kusan duk ƙanƙara ne, aka kuwa riƙa huda shi a bushe don sauri. Cikin 'yan shekaru ma'aikata fiye da 400 suka mutu, waɗansu masu bincike ma sun ce sun wuce 700. Yawancinsu talakawa ne 'yan ci-rani da suka zo daga nesa.

A Afirka ta Kudu, mahaƙan zinariya da suka kamu da wannan ciwo da tibi sun kai ƙara kotu. A 2018 kamfanonin suka yarda su biya diyya ta rand biliyan 5. Su sun sami wanda za su kama. Mai haƙa don kansa a dawa fa, wa zai biya shi? Ba shi da mai tsaronsa sai kansa.

SHIN BERIL GUBA NE?

Waɗansu sun ji an ce beriliyam guba ne, suna tsoron ko taɓa dutsen. Ga gaskiyar magana. Ƙarfen beriliyam, bayan an fitar da shi a masana'anta, garinsa da hayaƙinsa suna da mugun haɗari. A 1946 wata likita a Amurka, Harriet Hardy, ta bayyana ciwon huhun da ya kama ma'aikatan da ke yin dogon ƙwan lantarki da garin beriliyam, har daga baya aka daina sa shi a ciki. Amma a cikin dutsen beril ƙarfen a ɗaure yake tam. Riƙe dutsen a hannu, ko sa shi a aljihu, ko a zobe, ba ya cutarwa. Sai dai mai yanka shi ko goge shi da inji lalle ya yi aikinsa da ruwa, kada ya shaƙi garin. Kada kuma kowa ya yi ƙoƙarin ƙona shi ko zuba masa ruwan batir wai don ya fitar da ƙarfe. Ga mahaƙi dai, babban abokin gaba ba dutse mai kyaun nan ba ne, farar ƙanƙarar da ya raina ce.

KADA A KAWO DUTSE CIKIN GIDA

Ba wanda ya manta da abin da ya sami maƙwabtanmu na Zamfara a 2010. A ƙauyukan ƙasar Anka da Bukkuyum, irin su Bagega, da Dareta, da Abare, da 'Yargalma, mutane suka riƙa kawo dutsen zinariya cikin gida, mata suna daka shi a turmi, ana niƙa shi da injin niƙan hatsi. Ashe dutsen cike yake da dalma. Ƙurar ta bi tsakar gida, yara masu rarrafe suka kai ta baki. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai kuma aka yi musu magani da taimakon ƙungiyar likitocin nan ta MSF. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙasar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Dutsen zinariya dabam, jijiyar beril da maika dabam. Amma darasin ɗaya ne. Ido ba ya iya faɗa maka abin da ke cikin dutse. Duk dutsen da aka haƙo, wurin fasa shi da tsince shi yana can bakin rami, nesa da gida, nesa da rijiya, nesa da yara.

RIGAKAFI

Tun da ba magani, sai rigakafi, shi kuwa ba shi da tsada. Ga dokoki takwas.

1. Ruwa shi ne babban makami. Jiƙaƙƙen dutse ba ya tayar da ƙura. A yayyafa ruwa kafin a fasa, a zuba ruwa cikin hudar da ake yi, a jiƙa tulin kafin a kwashe. An gwada wannan a wuraren haƙar zinariya na arewacin Nijeriya, aka buga sakamakon a 2019: feshin ruwa ya rage ƙurar ƙanƙara da kashi 80 cikin 100, ta dalma kuwa da kashi 95. Ko injin feshi irin na gona ya isa a fara da shi, in dai sabo ne wanda ba a taɓa zuba masa maganin ƙwari ba.

2. In an fasa dutse da nakiya, kada a yi gaggawar komawa rami don an ga hayaƙi ya washe. Ƙura mai kisa tana nan. A bar ramin ya sha iska sosai, a yayyafa ruwa tukuna.

3. In ana aiki a sarari, a tsaya ta inda iska ke fitowa, don ta kwashe ƙurar ta yi gaba da ita. Wurin cin abinci da wurin kwana su ma su kasance ta can.

4. A sa takunkumi na gaskiya, irin wanda aka rubuta wa N95 ko FFP2, ya kama fuska ba kafa. Rawani, ko hankici, ko takunkumin yadi, ƙura mai kauri kaɗai suke tarewa. In takunkumi ya toshe ko ya yage, a sake wani. Amma ku sani takunkumi mataimaki ne, bai maye gurbin ruwa ba.

5. Kada a share wurin aiki da tsintsiya a bushe, kada kuma a kakkaɓe riga. A jiƙa tukuna.

6. A ware tufafin aiki dabam. A yi wanka a sake tufafi kafin a shiga gida ko a ɗauki yaro. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

7. Kada a kai yaro wurin haƙa, ko da tsintar maika ce kawai. Huhun yaro bai gama girma ba, kuma wanda ya fara shan ƙura yana shekara 10, kafin ya kai 25 ya riga ya tsufa a ƙirji. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta hana sa wanda bai kai shekara 16 ba aiki a ƙarƙashin ƙasa. Mace mai ciki da mai goyo su ma su nisanci wurin.

8. A bar taba.

Akwai wata magana da ta bazu tsakanin ma'aikata, wai in an sha madarar gwangwani bayan aiki tana wanke ƙura. Ba haka ba ne. Madara ciki take tafiya, ƙura kuwa huhu, hanyarsu ba ɗaya ba ce. Madara abinci ce mai kyau, ku sha in kun samu, amma kuɗinta gara a sayi takunkumi da shi.

SAURAN HAƊARIN RAMI

Ƙura tana kisa a hankali, amma akwai masu kisa nan take. Ramin da ba a tokare shi da itace ba yakan rufta, tun ba da damina ba, sa'ad da ƙasa ta sha ruwa. A watan Yuni 2024, bayan ruwan sama mai yawa, wani ramin haƙa ya rufta da mutane da dama a Galkogo ta ƙasar Shiroro, a Jihar Neja. Kada a tara ƙasar da aka fitar a bakin rami, nauyinta ne ke karya shi. Kada mutum ya shiga shi kaɗai ba wani a sama riƙe da igiya.

Kada a shigar da janareta ko injin ban ruwa cikin rami. Hayaƙinsa yana ɗauke da wata iska marar wari wadda ke sa mutum jiri, ya kwanta, ba ya tashi. In wani ya faɗi a ƙasan rami, kada na sama su yi ta faɗawa ɗaya bayan ɗaya, gama abin da ya kayar da shi zai kayar da su. A fara tura iska, mai shiga kuma ya ɗaura igiya a ƙugu.

Tsinin ƙanƙara yana yanka kamar kwalba, ɓarɓashinta kuma yana tsiyayar da ido. A sa tabarau na aiki da takalmi mai rufi. In an yanke, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe, kada a zuba ƙasa ko toka. Kafin ku tafi ci-rani ku zo a yi muku allurar rigakafin ciwon sarƙewar haƙora. Ramin da aka gama da shi kuwa a cike shi, don in ya tara ruwa ya zama gidan sauro da tarkon yara da dabbobi. Ƙwayoyin nan da ake sha don ƙarin ƙarfi, irin su tiramol, ba sa ƙara ƙarfi, ɓoye gajiya kawai suke yi, mai shansu kuwa shi ne ba ya jin ƙarar dutse sa'ad da ya fara tsagewa.

Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce duk ma'adinan ƙasar nan suna hannun Gwamnatin Tarayya, mai son haƙa sai da izini. Ƙananan mahaƙa suna iya haɗa kai su yi ƙungiya a yi musu rajista. Ta fuskar lafiya wannan yana da amfani ƙwarai. Abin da mutum ɗaya ba zai iya saya ba, kamar tankin ruwa, da injin feshi, da katakon tokara, mutum ashirin suna iyawa.

IN AN KOMO GIDA

Duk wanda ya taɓa aikin dutse, ko haƙar ma'adini, ko fasa tsakuwa, ko sassaƙar dutsen niƙa, in ya zo ɗakin shan magani lalle ya faɗa mana, ko da shekara 15 ke nan da ya bari. Ya faɗi irin aikin, da yawan shekarun da ya yi, da ko a bushe ake yi. In bai faɗa ba, za a ɗauka tarin sanyi ne, a ba shi maganin da ba zai yi masa kome ba.

Wanda ya yi mako biyu yana tari, ko yana zazzaɓin dare da gumi, ko yana ramewa, ko ya ga jini a kakinsa, kada ya tsaya sayen ƙwayoyi a kasuwa. Ya zo a karɓi kakinsa a gwada. In ana bukatar hoton ƙirji, za a ba shi takarda zuwa Birnin Kebbi, ko Asibitin Sir Yahaya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya. Gwajin kaki da maganin tibi kyauta ne a asibitocin gwamnati. Tibi yana warkewa sarai, in an sha magani kullum har wata shida ba fashi. Wanda ya ji sauƙi bayan wata biyu ya daina, ciwon zai komo masa da ƙarfin da ya fi na da, maganin farko kuma ba lalle ya sake yi masa aiki ba. A kawo mutanen gidansa su ma a duba su, tun ba yara ƙanana ba.

Wanda aka ce yana da ciwon ƙurar dutse kada ya fid da rai. In ya bar ƙura tun da wuri, ya bar taba, ya nisanci hayaƙin murhu, ya riƙa zuwa ana duba shi, yana iya shekaru masu yawa yana noma gwargwadon ƙarfinsa. Kada a guje shi, gama ciwonsa ba ya kama wani.

Iyaye, in ɗanku ya zo sallama zai tafi dutse, ban da addu'a da guzuri, ku tambaye shi abu uku: Akwai ruwa a wurin aikin? Ka tanadi takunkumi? An yi maka allura? Masu unguwa da dagatai, ku taimake mu, kada ku yarda a kafa injin niƙan dutse a cikin gari. Samari kuma ku yi lissafi irin na manomi. Ba wanda ke sayar da gonarsa don ya ci kasuwa ɗaya. Huhunku shi ne gonarku, da shi za ku ciyar da iyali shekara arba'in masu zuwa, kuma ba a sayar da sabo a kowace kasuwa.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.